Neman shawara: sabuwar dokar harajin tarayya da harajin gidanmu a New Jersey

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haraji a nan Amurka. Ni da maiɗakina muna zaune a gidan da muka saya da bashin banki a New Jersey. Ni ina aiki a cikin jihar, ita kuma ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a New York, kuma takardar haraji ɗaya muke cikewa tare. A 2025 abin da ya shigo mana ya kai dala 165,000. Mun biya harajin gida dala 11,800, harajin albashi na jihohin biyu ya kama 8,600, kuɗin ruwan bashin gida 14,200, sannan mun ba masallacinmu 2,500, kuma muna da rasit. Wani abokin aikina ya ce tunda an ɗaga iyakar SALT, wato harajin jiha da na gari da ake cirewa a lissafin harajin tarayya, zuwa dala 40,000, duk abin da muke biyan jiha da gari gwamnatin tarayya za ta maido mana, har yana ba ni shawarar mu koma gida mafi girma a unguwar da makarantunta suka fi kyau, ko da harajinta ya fi tsada. Shin haka abin yake? Na biyu kuma, kuɗin da nake aika wa mahaifiyata a Kumasi duk wata yana shiga cikin lissafin?

Wata 'yar'uwa mai aikin akanta a Newark:

Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka ya ji labari, amma bai ji shi daidai ba. Dala 40,000 ba kuɗin da za a maido maka ba ne, iyaka ce ta abin da doka ta yarda ka cire daga kuɗin shigarka kafin a yanka maka harajin tarayya.

Asalin maganar tun Disambar 2017 ne, lokacin da Shugaba Trump ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade wannan cirewa a dala 10,000, abin da ya fi taɓa masu gidaje a New Jersey da New York da Kalifoniya, inda harajin gida kaɗai kan cinye wannan adadi. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ita ce ta ɗaga iyakar zuwa 40,000. Sai dai cirewar ba ta aiki sai ga wanda ya zaɓi ya jera abubuwan da ya biya ɗaya bayan ɗaya a takardar Schedule A, ya haƙura da rangwamen bai-ɗaya da ake ba kowa, wanda a 2025 ya kama dala 31,500 ga ma'aurata masu cikewa tare. Ba a haɗa biyun.

Ga lissafinku. Da tsohuwar iyaka ce, 10,000 da 14,200 da 2,500 sun tashi 26,700, wato ba su kai rangwamen bai-ɗaya ba, shi ya sa nake kyautata zaton a bara ma shi kuka ɗauka. Yanzu kuwa harajin gida da na jihohi, 20,400, duk ya shiga, jimla ta zama 37,100, ta zarce 31,500 da dala 5,600. Kuna cikin matakin kashi 22 cikin ɗari, saboda haka sauƙin da za ku samu bai wuce dala 1,230 da 'yan kai ba. Kuɗi ne mai auki, amma bai kai a sake gida dominsa ba, domin duk dala ɗaya da ka ƙara a harajin gida, senti 22 ne kawai za su dawo, sauran 78 daga aljihunka za su fita.

Wani dattijo daga Jersey City:

Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Abin da zan ƙara, ɗana, shi ne wannan sauƙi na wucin gadi ne. Iyakar za ta riƙa ƙaruwa da kashi 1 cikin ɗari duk shekara har 2029, sannan a 2030 ta koma 10,000, sai fa idan majalisa ta sake taɓa dokar. Bashin gida kuwa na shekara talatin ne, kuma harajin da gari yake yankawa ba kasafai yake sauka ba. Idan don karatun yara za ku tashi, wannan dalili ne mai zaman kansa, ku zauna da iyalinka ku auna shi da albashinku, amma kada ku sa rangwamen a cikin abin da za ku dogara da shi.

Wani mamba mai haya a Bronx:

Ina so masu karanta wannan su sani cewa yawancinmu da muke haya ba abin da ya sauya mana a wannan ɓangaren. Mai haya a birnin New York yana biyan harajin jiha da na birni duka, amma tunda ba shi da harajin gida kuma ba shi da kuɗin ruwan bashi, da wuya jimlarsa ta kamo rangwamen bai-ɗaya. Mai gidan ne yake cire nasa harajin a matsayin kuɗin gudanar da kasuwanci, alhali a cikin kuɗin hayarmu yake fanshe shi. Mu abin da ya taɓa mu shi ne rangwamen yara da ya tashi daga 2,000 zuwa 2,200. Masu ƙaramin albashi kuma su nemi cibiyoyin VITA, inda ake cike takardun kyauta a ƙarƙashin kulawar IRS, hukumar harajin tarayya.

Wata mamba daga Paterson:

Babu wanda ya amsa masa tambaya ta biyu. Ɗan'uwa, kuɗin da kake aika wa Hajiya a Kumasi ba ya shiga, komai yawansa, domin a wajen IRS kyauta ce tsakanin dangi, ladarka tana wajen Allah. Haka ma gudummawar gina masallaci ko rijiya a gida, idan kai tsaye aka tura ta ba ta hannun ƙungiyar da ke da rajista a Amurka ba. Abin da ya kamata ka lura da shi ma wani ne daban: daga 1 ga Janairun 2026 wannan dokar ta ɗora harajin kashi 1 cikin ɗari a kan kuɗin da aka aika waje idan tsabar kuɗi aka miƙa a shago. Wanda ya tura daga asusun banki ko da katinsa na bankin Amurka, ba ya biya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, idan ni da maiɗakina muka raba takardu, kowa zai samu 40,000 nasa?

'Yar'uwa mai aikin akanta:

A'a, Malam. Idan kun raba, a harajin 2025 kowa 20,000 ne iyakarsa, kuma da zarar ɗayanku ya jera abubuwansa, ɗayan ya rasa damar ɗaukar rangwamen bai-ɗaya. Maganar rage iyakar ga masu babban samu ba ta shafe ku ba, domin a harajin 2025 sai kuɗin shiga ya haura 500,000 ake fara zaftare ta, a 600,000 kuma ta koma 10,000.

Abubuwa biyu zan ja hankalinka a kai kafin 15 ga Afrilun 2026, ranar ƙarshe ta miƙa takardun harajin 2025. Idan banki ne yake tara harajin gidan a cikin biyanku na wata-wata, abin da za ka rubuta shi ne abin da bankin ya miƙa wa gari a cikin 2025, ba abin da ya karɓa daga hannunku ba, kuma galibi yana nan a takarda 1098 da bankin ke aiko muku ko a bayanin ƙarshen shekara. Sannan tunda za ku jera a bana, idan New York ko New Jersey ta maido muku rarar haraji, mai yiwuwa ne a lissafa ta cikin kuɗin shigarku na shekara mai zuwa, don haka ka adana takarda 1099-G mai nuna wannan rarar idan ta zo. Sadakar masallaci ma daga 2026 ba dukkanta za a cire ba: rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigarku, wato kimanin dala 825, ba zai shiga lissafi ba, kuma idan kun ƙara a kan hakan ne ragowar za ta shiga. Kowace gudummawa da ta kai 250 kuwa sai da rubutacciyar shaida daga masallacin.