Me za mu kira Stolperstein da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku kan wata kalmar Jamusanci, Stolperstein. Ɗan ƙaramin kankare ne, santimita 10 kowane gefe, an lulluɓe samansa da tagulla, ana dasa shi a hanyar masu tafiya da ƙafa, daidai ƙofar gidan da mutum ya zauna na ƙarshe kafin 'yan Nazi, masu mulkin Jamus a zamanin Hitler da suka yi wa Yahudawa da wasu jama'a kisan gilla, su tafi da shi. Rubutun yakan fara da "A nan ya zauna", sai suna, shekarar haihuwa, lokacin da aka kama shi, da inda ya ƙare. Dutse ɗaya, mutum ɗaya. Gunter Demnig, wani mai fasaha Bajamushe, shi ya dasa na farko a birnin Kolon na Jamus a 1992. A 2023 suka cika 100,000.

Wani abokina ya ce "dutsen tunawa". Ba laifi, sai dai ya yi faɗi da yawa, kowace hasumiyar tunawa da sojoji ta shiga ciki. Wata 'yar'uwa ta kawo "alamar kushewa", na ce a'a, babu kowa kwance a ƙarƙashinsa. Da yawa daga cikin masu sunayen ko kabari ba su samu ba, abin da ya sa ake mayar da sunan ƙofar gida ke nan.

Ni dai ina kan "dutsen tuntuɓe", wanda shi ne ma'anar kalmar kai tsaye. Na san masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa sun saba jin sa a matsayin abin da ke kayar da mutum, kuma wannan ƙorafi ne mai nauyi. Amma ku duba yadda muke magana. Mukan ce "na yi tuntuɓe da shi a kasuwa", wato na gamu da shi ba shiri. Haka dutsen yake aiki. A shafe yake da ƙasa, ƙafa ba ta kama shi, ido ne ke tuntuɓen. Kana sauri, tagulla ta ƙyalla, ka tsaya, kuma ba ka iya karanta sunan sai ka sunkuya.

Ko a Jamus ba kowa ya yarda da duwatsun ba. A 2004 birnin Munich ya hana dasa su a titunansa, domin wasu shugabannin Yahudawa sun ce bai kamata a riƙa taka sunayen mamata ba. Na ji zafin wannan magana ƙwarai.

Jam'insa "duwatsun tuntuɓe". In akwai wanda ya ji dattawa na da wata kalma da ta fi wannan dacewa, don Allah ya kawo.