Shawarwarin da aka bayar kan kacala a dausayin Haɗeja da Nguru

Manoma da masunta da makiyaya sun tattauna matsalar kacala, wata doguwar ciyawa mai tsirowa a cikin ruwa, bakinsu kuma ya zo ɗaya kan tushenta. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina cika da damina ya janye da rani kamar dā. Ruwa na kwance duk shekara, abin da kacala ke so ke nan. Ta toshe magudanai, laka ta taru a gindinta, ruwa ya karkata ta Marma, reshen kogin da ya nufi Nguru, ya mamaye gonaki, mutanen Gashuwa da ke can gaba a kan kogin kuma suna ta jiran ruwa. Tsuntsun jan-baki ma a cikin kacalar yake kwana, gari na wayewa ya sauka kan shinkafa.

Masunta suka ce a yanke ta a ƙarƙashin ruwa don kututturen ya ruɓe, ƙonawa kaɗai ba ta kashe saiwa. A yi gayya a yashe magudanai kafin damina.

Shawarar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta dattawa: masu kula da madatsu su saki ruwa sosai da damina, su rage da rani, ƙasa ta bushe. Makiyaya sun ƙara da cewa a bar musu burtali zuwa mashaya.