Awa biyun farko bayan haihuwa: me ɗalibar jinya za ta sa wa ido?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu. Wata mai kamawa za a tura ajinmu ɗakunan haihuwa, wasu Asibitin Maryam Abacha na mata da yara, wasu Asibitin Ƙwararru na nan Sakkwato. Mun haddace matakai a aji, amma jerin su ne ke rikita ni. Jariri ya faɗo, da me ake farawa? Kuma ta yaya zan bambance jinin biƙi na al'ada da wanda zai halaka maijego?

Tsohuwar Ungozoma:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Da jariri ya fito, ki shafa cikin uwar ki tabbatar babu na biyu. Sai allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, yunit 10 a tsokar cinyar uwar, cikin minti ɗaya. Kar ki yi ta kafin shafawar nan, domin idan tagwaye ne mahaifa za ta matse ɗan'uwan a ciki.

Cibiya kuma kar ki yi gaggawar yanke ta. Ki jira minti 1 zuwa 3 jaririn ya samu ragowar jininsa, sai dai in bai numfasa ba.

Wajen fitar da mabiyiya ne sababbin hannu ke ɓarna. Hannu ɗaya a saman ƙashin mara yana tokare mahaifa zuwa sama, ɗayan yana jan igiyar ƙasa a hankali, kuma sai lokacin da mahaifar ta ɗaure. In ba ta biyo ba cikin daƙiƙa 30 zuwa 40, ki saki ki jira wani ɗaurin. Ja ba tare da tokarewa ba shi ke tsinke igiya, ko ya juyo da mahaifa ciki ya koma waje, kuma wannan kan sa mace ta sume nan take. Kina ɗaliba, kar ki yi shi sai ƙwararriya na tsaye kanki. Da ta fito ki shimfiɗa ta a tire ki duba ɓangarorinta da tantaninta. Guntu kaɗan in ya maƙale ya isa ya hana mahaifa tsukewa.

Daga nan kowane minti 15, har awa 2, hannunki ya koma kan cikin. Mahaifar da ta tsuke za ki ji ta da tauri kamar goruba, daidai cibiya ko ƙasa kaɗan. In ta yi laushi, murza ta. In ta hau sama ta karkata dama, mafitsara ce ta cika; a sa ta ta yi fitsari ko a sa mata roba.

Malamin Jinya:
Hajiya ta gama magana kan jeri. Ni tambayarki ta biyu zan ɗauka. Ido ba ya auna jini, kullum raina shi yake yi. Zani ya sha, katifa ta sha, wani ya gangara ƙasa, sai a rubuta "kaɗan". Da mililita ake lissafi: 500 bayan haihuwa ta ƙasa zubar jini ce. Inda akwai ledar shimfiɗa mai ma'auni, ki sa ta ƙarƙashin maijego da zarar jariri ya fito. An gwada wannan leda tare da haɗa magunguna lokaci guda a asibitocin Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, sakamakon ya fito a 2023, kuma zubar jini mai tsanani ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Inda babu, a tara tsummokaran a auna a sikeli, a cire nauyinsu na bushe. Giram 1 kusan mililita 1 ne.

Kar ki jira awon hawan jini ya faɗi. Bugun zuciya ke fara tona asiri: ya haura 100, ga gumi mai sanyi, ga ƙishirwa da rashin natsuwa. Mace mai ƙarancin jini tun a ciki, wadda ba ta je awo ba, tana iya galabaita tun ba a kai 500 ɗin ba.

In zubar jinin ta faru, ki ɗaga murya ki kira taimako, sannan abubuwa su tafi tare: murza mahaifa, oksitosin cikin ƙarin ruwa ta babbar allura, tiranekzamik asid, maganin tsayar da jini, giram 1 ta jijiya a hankali cikin minti 10, kuma kafin awa 3 da haihuwa, bayan nan amfaninsa ya wuce. A duba yagewa. Mahaifa da tauri amma jini ja na kwarara, to yagewa ce, murza ba za ta tsayar da shi ba sai ɗinki.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: oksitosin na son sanyin digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta kwana a aljihun tebur cikin bazarar Sakkwato, zafi ya haura 40, ƙarfinta ya ragu ko da kwanan watanta bai ƙare ba. Ki tambayi inda aka ajiye ta. A ƙananan asibitocin da wuta ba ta zama, ƙwayar misofrostol 3, wato maikirogiram 600, ake ba maijego ta haɗiye a madadin oksitosin, don rigakafin zubar jini. Takan kawo rawar ɗari da zazzaɓi, ki gaya wa dangi tun da wuri.

Anti Ɗakin Jarirai:
Kun bar mini jaririn a tsakiya! Ƙanwata, tsane shi da busasshen zani, ki jefar da jiƙaƙƙen, ki kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, da hula. In bai yi kuka ba, goga bayansa. Har yanzu shiru, yanke cibiya, ɗan ɗaga haɓarsa, ki fara hura masa iska da jakar numfashi mai marfin hanci da baki kafin minti ɗaya ya cika, kamar sau 40 a minti. Idonki a ƙirjinsa. In ba ya ɗagawa, marfin bai zauna ba ko wuyan ya lanƙwashe. Riƙe shi ta ƙafa ana mari, ko yayyafa ruwan sanyi, ɓata lokaci ne kawai.

Nono cikin awa ta farko, kuma dakashin nan da ake matsewa a zubar shi ne rigakafinsa na fari. Tsotson ma yana taimaka wa mahaifar uwa ta tsuke. Bitamin K miligiram 1, man kilohezidin mai kashe ƙwayoyin cuta a cibiya, ban da man goge baki da gashi da tsumma.

Ɗalibar Jinya:
Allah Ya saka da alheri. Anti, in kaka ta dage sai an yi masa wanka fa? Malam, egometirin, ɗayan maganin tsuke mahaifar, ba a amfani da shi ne?

Anti Ɗakin Jarirai:
Ki ce mata Inna a bari sai ya kwana ya wuni, awa 24. Ki nuna mata ma'aunin zafi: 36.5 zuwa 37.5 ake so, kuma da hunturu jariri jiƙaƙƙe kan yi ƙasa da haka cikin 'yan mintoci. Farin maiƙon jikinsa ba dauɗa ba ne, a goge jini kawai.

Malamin Jinya:
Ana amfani da egometirin in oksitosin bai wadatar ba, amma ki duba katin awonta tukuna. Mai hawan jini, mai jijjiga ko ciwon zuciya ba a yi mata shi, don yana matse jijiyoyi jinin ya ƙara hawa. In ta zo ba kati, a auna hawan jininta kafin a fasa kwalbar.