Ina so in kai Baba kamun kirafi da jagora: wa ya taɓa zuwa?

Ɗan Yawuri, Memfis

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifina ya zo wurina aikin ido, an yi lafiya, amma likita ya ce sai ya ƙara wata biyu kafin ya koma gida. Basarke ne, a bakin ruwan Yawuri ya tashi, ya fi shekara 50 yana su. Zaman ɗaki ya fara cinsa. Shekaranjiya da muka hau gadar kogin Misisifi ya sa na rage gudu, ya yi ta kallon ruwan bai ce uffan ba har muka sauka. Abin ya tsaya mini a rai.

Wani abokin aikina ya ce in kai shi kamun kirafi, kifin nan da suke rubuta sunansa crappie, a ɗauki jagora mai jirginsa da kayan fatsarsa. Ni ban taɓa yi ba. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa: wane tafki, nawa ya kashe, me ya ji daɗinsa, me ya ɓata masa rai.

Direban Tirela, Misisifi

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ɗan'uwa, ai kana zaune a bakin rijiya kana tambayar ruwa. In ka hau babbar hanyar 55 ka yi kudu, tafkuna huɗu ne a jere: Arkabutla, Sardis, Enid da Grenada. Dukansu madatsun ruwa ne da injiniyoyin sojan Amurka suka gina don tare ambaliya, kuma a harkar kirafi ba su da na biyu. Farin kirafi mafi girma da aka taɓa kamawa a duniya a Enid ya fito, a 1957, laba 5 da oza 3, wato kilo 2 da ɗoriya. Grenada kuwa kirarinsa ke nan, gidan kirafi mai laba 3. Daga Memfis awa ɗaya da rabi ce.

Sau uku na je Grenada da jagora ɗaya. Zuwan farko ni da ƙanena muka biya dala 450, daga fitowar rana zuwa azahar, ban da tukwicin da muka ba shi a ƙarshe. Tukwicin nan kada ka manta da shi, a nan al'ada ce, kuma mutumin tun ƙarfe huɗu na dare yake tsaye a kan hidimarku. Lasisin su ba ya cikin kuɗin. Kai da kake Memfis ta jihar Tenesi baƙo ne a jihar Misisifi, haka Baba, kowa sai ya sayi nasa na baƙi. Akwai na 'yan kwanaki, ana saye ta waya.

Yadda muka yi su shi ne abin da suke kira ɗaurin gizo-gizo. Kujeru biyu ne a goshin jirgi, gaban kowa sanduna huɗu dogaye, kowace ta kai ƙafa 14 ko 16, an baza su kamar ƙafafun gizo-gizo. A kowace ƙugiya an saƙala ɗan ƙaramin kifi mai rai. Jirgin yana jan jiki a hankali, tafiyar da ba ta kai ta mai ƙafa ba, kai kuma idonka na kan bakin sandunan. Wani lokaci za ka ga bakin ya sunkuya. Wani lokaci kuwa zaren ne kawai zai saki, don kifin ya ɗauko ƙugiyar ya yo sama da ita, kuma wannan ne ya fi wuyar ganewa. Na ɓata awa guda kafin idona ya saba.

Abu ɗaya ka gaya wa Baba tun a gida: bakin kifin nan siriri ne kamar takarda, har laƙabinsa ke nan a wurinsu. Wanda ya saba fizgar tarwaɗa, in ya fizgi wannan haka, leɓen zai yage ya tafi. Ɗagawa ake yi.

Maman Hassana, Dalas

Sannu da ƙoƙari ƙanena, Allah ya yi maka albarka da wannan tunani. Mu tafkin Fork muka je, gabas da Dalas, ni da maigida da 'yan biyunmu, a watan Janairu. Sanyi kam mun sha shi, ka tanadar wa Baba rigar sanyi mai kauri ko da ka ga rana, iskar kan ruwa daban take.

Abin da ya ba ni mamaki dokarsu ce. A Teksas kirafi sai ya kai inci 10 ake riƙe shi, mutum ɗaya 25 a rana. Amma a Fork, daga 1 ga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, duk wanda ka kama dole ka riƙe, babba ko ƙarami, har ka cika 25 ɗinka. Na tambayi jagoran dalili. Sai ya ɗago wani da Hassana ta ciro daga zurfin ƙafa 30, ya nuna mana cikinsa ya kumbura. Ya ce da sanyi kifin can ƙasa yake zama, in aka fito da shi jakar iskar cikinsa ta kan kumbura, ko an mayar da shi ba zai iya nitsewa ba, mutuwa zai yi a banza. Yaran har yau suna ba da wannan labari.

Amma ga abin da na shigo in faɗa. Da aka dawo gaɓa, kafin in ankara ya ɗauko wuƙar lantarki ya yanko tsokar gefe da gefe, ya watsa kawuna da ƙashi cikin bokiti. Kifi fiye da goma ya yi wa haka kafin na ce masa ya tsaya. Su haka suke ci, tsoka zalla a garin masara a soya. Na ce ya bar mini sauran yadda suke. A gida na kankare, na tsaga, na shafa masa citta da tafarnuwa da yaji na soya, kawunan kuma na yi farfesu. Namansa fari ne tas, ba ƙarni, ya fi karfasa laushi. Dattijo Basarke ba zai ji daɗin ganin ana zubar da kan kifi ba, ka faɗa wa jagoran tun da safe. Sannan in aka ce za a soya muku a can, ka tambayi abin da aka kwaɓa garin da shi, wasu da giya suke kwaɓawa.

Bagobiri, Atlanta

Ni nawa labarin ba mai daɗi ba ne, kuma gara ka ji shi. Ba zan kama sunan kowa ba.

Na biya kafin alƙalami dala 150 wata guda kafin ranar. Da na shiga jirgi sai na tarar da allo babba a gaba, na na'urar LiveScope da ke nuna kifi yana motsi a ƙarƙashin ruwa kamar kana kallon talabijin. Mutumin shi ke riƙe da sanda, shi ke bin kifi da jirgi, shi ke sauke ƙugiya a kan hancinsa. Sai kifin ya kama sannan ya miƙo mini sandar in ɗago. Kafin ƙarfe goma mun cika adadin da doka ta yarda, ya ce to mun gama. Na dawo da kula cike da kifi, amma wallahi ban yi su ba. Ko ɗaurin ƙugiya ban koya ba, ko ruwan ban kalla ba, wuyana ya ƙage a kan allo.

Bayan shekara na je tafkin Weiss a Alabama da wani jagoran, dattijo. Shi ya koya mini harba ƙugiya ƙarƙashin dandamalin katakon da masu gidajen bakin ruwa ke ɗaure jiragensu. Ƙugiya ce mai kan dalma da 'yar jelar roba. Za ka kama ta da yatsu biyu, ka ja har sandar ta lanƙwashe kamar baka, ka saki, ta yi tsalle a kan ruwa ta shige can cikin inuwa inda kifin ke fakewa. Sau da yawa na bugi katako. Bai karɓe sandar ba ko sau ɗaya, sai dai ya gyara mini hannu. Kifi 9 na kama ranar, kuma kowanne na san yadda aka yi ya zo hannuna.

Don haka kafin ka tura ko sisi, ka buga waya ka tambaya ƙarara: wa zai riƙe sanda? Mutumin da ya shekara 50 a ruwa ba ka kai shi a miƙa masa kifi kamar yaro.

Ɗan Damagaram, Nashbil

Ka duba Reelfoot ma, a arewa maso yammacin Tenesi. Girgizar ƙasar 1811 da 1812 ce ta haifar da tafkin, daji ne ruwa ya cinye, har yau itatuwa na tsaye a cikinsa, ƙasansa kuma duk kututture. Wurin nan ba jagora ba ka shiga, za ka fasa jirgi. Ba zurfi, ba hayaniya, ina jin zai fi kama da abin da Baba ya sani.

Ni a azumin 2024 na je, da ya faɗo daga Maris zuwa Afrilu, daidai lokacin da kifin ke hawowa gaɓa zuba ƙwai. Na gaya wa jagoran ina azumi, ya ajiye abincinsa bai ci a gabana ba sai da na roƙe shi. Azahar ya kai ni gaɓa na yi. Ka tambaya kuma me zai faru da kuɗinka in iska ta hana fita, ni sau ɗaya aka ɗaga mini rana saboda haka.

Direban Tirela, Misisifi

Malam Bagobiri, na ji zafin abin da aka yi maka, amma laifin mai jirgi ne, na'urar ba ta hana a ba ka sanda. Nawa jagoran yana da ita, kuma da ita na fahimci cewa kirafi daga ƙasa yake kallon sama: in ƙugiya ta wuce shi ta yi ƙasa ba ya bin ta, sai ka tsayar da ita ɗan sama da kansa. Da idona na ga haka a allo.

Inda na yarda da kai shi ne ta sa kamun ya yi sauƙi fiye da kima. Tun da kamfanin Garmin ya fito da ita a 2018 manyan kifayen ba su da maɓoya. A 2024 hukumar kula da su ta jihar Misisifi ta rage adadin kifin da za a riƙe a tafkunan nan huɗu daga 15 zuwa 10 ga mutum ɗaya a rana, kuma dole kifin ya wuce inci 12. Ɗan Yawuri, lokaci yana kurewa. Da zafin ruwa ya kai wajen digiri 60 a ma'auninsu, 16 ke nan a namu, mazan ke shigowa ruwa mara zurfi su share gurbi, jikinsu ya yi baƙi. Maris da Afrilu ke nan, kuma jagororin kirki tun da wuri ake kama su.

Ɗan Yawuri, Memfis

'Yan'uwa, mun je mun dawo, Allah ya saka muku da alheri. Grenada muka je ranar Talata. Jagora uku na kira, na yi musu tambayar Malam Bagobiri. Na ukun ne ya ce in Baba na so zai kashe allon gaba ɗaya, shi na ɗauka.

Mun yi asuba a bakin tafki. Rigar ruwa ce kawai Baba ya yi gardama a kanta, ya ce shi da ya ƙetare Kwara da iyo. Na ce, "Baba, dokar mai jirgi ce, ka yi haƙuri." Ya sa.

Sandunan huɗu bai so su ba. Ya ce a ba shi ɗaya, ya ɗora zaren a kan ɗan yatsansa. Na farko ya fizga, leɓe ya yage, kamar yadda Direba ya faɗa. Bai sake ba. Can ya nuna wa jagoran wata lanƙwasa inda ruwa ya ɗan canza launi kusa da wasu itatuwa da suka nitse rabi, ya ce in gaya masa akwai tsohuwar hanyar rafi a ƙarƙashin wurin. Jagoran ya kunna allo ya duba, ya juyo ya kalle shi, ya cire hularsa. A wurin muka kama shida, ɗaya ya kusa laba 2 da rabi. Daga nan tafinta ya zama ba shi da aiki sosai, da hannu suke magana.

Abin da nake tsoro shi ne mayar da ƙanana, na ɗauka zai ga asara ce. Da aka ɗora wani a kan ma'auni ya tsaya a inci 11, Baba ya karɓe shi da kansa, ya sunkuya ya sa shi a ruwa, ya riƙe har ya motsa jela ya tafi. Ya ce mini da haka aka yi a Kainji, da taru mai ƙananan idanu bai share ruwan ba. Ya ce lokacin yana saurayi, bayan an datse ruwan a 1968, akwai giwan ruwan da sai mutum biyu ke ɗaga shi, yanzu yara na kawo na tafin hannu kasuwa.

Yaya Maman Hassana, na faɗa wa jagoran tun da safe, ko kai ɗaya ba a zubar ba. Kifi 17 muka kawo gida. Baba da kansa ya zauna a baranda ya kankare su, ya ce in nemo masa wayar banda da itace, rabi zai banda. Ya kuma ce in tambayi Ɗan Damagaram ko tafkin nan mai itatuwa yana da nisa, don saura mako biyar ya tafi.