Me za mu kira "aestivation" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Ina shirya wa 'yan ajina darasi kan dabbobin hamada, sai wannan kalma ta tsaya min a wuya. Abin da take nufi: ruwa ya ƙafe, zafi ya tsananta, dabba ta shige ƙasa ko cikin ɓawonta, ta daina ci da sha, numfashinta ya ragu, har ruwa ya dawo. Katantanwar hamada kan toshe bakin gidanta da majinar jikinta. An taɓa kai wata daga Masar gidan tarihi na Landan a 1846, aka manne ta a kati ana zaton ta mutu, sai a 1850 aka gane da ranta.

Na fara da "barcin rani", don ya yi daidai da "barcin hunturu" na dabbobin ƙasashen sanyi. Wani abokina a Samaru ya ce, "Malam, a nan ai hunturu cikin rani yake, yara za su ruɗe." Ya yi gaskiya.

"Dogon suma" na asibiti ne. "Likimo" ya yi kusa, amma mai likimo idonsa biyu, dabara ce yake yi.

Sai jiya wani dattijo mai noman rani a bakin kogin Galma a Zariya ya ji ina ta kame-kame, ya ce, "Yaro, ba gaiwa kake nufi ba?" Ya ce sukan tono ta a busasshiyar laka, a naɗe, wutsiya kan fuska, cikin wani kwanso kamar takarda. Na ji kunya, don tana cikin littafin da nake koyarwa. Gaiwa kifi ce mai huhu, tana barin 'yar kafa zuwa sama don shan iska. Maganar da ake yi cewa tana cin jikinta ma ba tatsuniya ba ce: tsokarta take narkarwa ta rayu da ita wata da watanni.

Don haka na tsaya kan "zaman gaiwa". Sai a ce kwaɗo ya shiga zaman gaiwa, katantanwa tana zaman gaiwa. Ya hau baki.

Wata malama ta ce ɗan birni bai taɓa ganin gaiwa ba. To, ranar Litinin zan nemo busasshiya a kasuwar Sabon Gari in kai musu aji.