Sinkin kicin ya toshe: wa ya taɓa buɗe nasa da kansa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Sinkin kicin ɗinmu ne ya fara ba ni ciwon kai. Da can ana sakin ruwa yake wucewa, yanzu sai ya taru ya kwanta, ya riƙa sauka a hankali yana wani ƙugi kamar mai kurkure baki. Da safe kuma in an buɗe ƙofar kicin wari ne ke fara tarbar mutum. Maƙwabciyata ta ce in zuba soda mai cin jiki (kostik soda), maigida ya ce a kira mai gyaran famfo, ni kuma ina ganin abin bai kai nan ba. Don Allah wanda ya taɓa fama da irin wannan ya gaya mana abin da ya yi da yadda ta kaya.

Uwargida: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kafin ki zuba komai, durƙusa ki leƙa ƙarƙashin sinkin. Za ki ga bututun ya lanƙwasa ya yi siffar harafin U, ko kuma ki ga wani abu mai siffar kwalba a rataye. Nawa a nan ya toshe. Bokiti na tara a ƙasa, na murɗe zobban roba biyun da ke riƙe da gwiwar, wato lanƙwasar nan, da hannu kawai, ko sufana ban ɗauko ba. Abin da ya fito, wanda ke cin abinci ya yi haƙuri: wani dunƙulen maiƙo mai launin toka, da ƙwayoyin shinkafa da suka kumbura, da ganyen shayi, da ƙaramin cokalin robar auta da muka gaji da nema. Hanyar da ta rage wa ruwa ba ta fi kaurin fensir ba. Na kankare da tsohon buroshin haƙori da ruwan ɗumi da sabulu, na mayar.

Abu biyu ki kiyaye. Akwai 'yar siririyar washa a bakin kowane zobe, in ta faɗi ko ta zauna a karkace zai riƙa ɗiga ko ki ɗaure shi da duk ƙarfinki. Sannan kada kowa ya buɗe famfon sinkin alhali gwiwar tana hannunki. Ɗana ya zo taya ni, ya karɓi gwiwar ya ce zai ɗauraye, a cikin sinkin da muka kwance ya ɗauraye ta, ruwan duk a cinyata ya sauka.

Ɗan haya: Ni robar nan mai sanda da ake dannawa ce ta fitar da ni. Da farko ta ƙi yin komai, sai na lura da 'yar ƙofar da ke can saman sinkin, wadda ruwa ke bi in ya cika. Duk iskar da nake turawa ta nan take tserewa. Na cusa jiƙaƙƙen tsumma na toshe ta, na tara ruwa har ya rufe bakin robar, na danna na ja da ƙarfi, sai ji na yi ya zuƙe gaba ɗaya. Mai sinki mai kwano biyu, sai wani ya danne murfin ɗayan.

Wata 'yar uwa: Ni dai gaskiya soda na zuba da daddare, da safe ya buɗe tas. Ban ga abin tsoro ba.

Tsohon mai gyaran famfo: Hajiya, Allah ne ya taimake ki, naki bai gama toshewa ba, shi ya sa sodar ta samu hanyar wucewa. In ya toshe ɗam, sodar ba ta da inda za ta, sai ta tsaya a cikin gwiwa da kwanon sinki tana jiran hannun wanda zai zo ya kwance. Hannun nan kuma yawanci namu ne. An taɓa kirana wani gida, na tambaya ko an zuba wani abu, aka ce ba a zuba ba. Ina murɗe zobe ruwan ya gangaro mini a damtse, santsi-santsi, kafin in kai ga famfon waje fatar ta fara raɗaɗi. Tabon yana nan. Da a ido ya fantsama da yanzu wani zancen ake yi. Saboda haka duk wanda ya zuba, ya faɗa, ba mai yi masa faɗa. Kuma bayan an zuba soda kada a kuskura a ɗauko robar dannawa, fuska take fesowa.

Wani abin da ba a cika sani ba, sodar nan ita ce dai wadda ake haɗa sabulu da ita. In ta haɗu da maiƙo mai yawa kuma ba a bi ta da isasshen ruwa ba, sabulu take yi a cikin bututun, ya daskare can gaba inda hannu ba ya kai. Na sha yanke bututu in tarar da shi fari fat, da ƙyar sukudireba ke shigarsa. Aikin da za a gama da bokiti da buroshi ya koma fasa bango.

'Yata mai tambaya, ga yadda za ki gane ko aikinki ne ko namu. In sinkin kicin kaɗai ke yi, matsalar tana gwiwa ko ɗan gaba da ita, ki buɗe abinki. In kin kwance kin tarar da gwiwa a wanke, to tana cikin bututun da ya shiga bango, sai a zura waya mai murɗawa. Amma in kika saki ruwa a kicin ya ɓullo a magudanar banɗaki, ko duk magudanun gidan suka yi sanyi lokaci guda, babban layi ne ko chamba ta cika, maigida ya yi gaskiya, a kira mu.

Malamin kimiyya: Baba ya gama magana a kan soda, ƙari kaɗan zan yi. Tana zafi da kanta in ta shiga ruwa, don haka ita ake zubawa a ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, ba a kwara mata ruwan zafi. Tana cin alminiyom. Kuma kada a bi wani magani da wani don na farko bai yi ba. Bilic in ya haɗu da mai asid iskar kulorin yake fitarwa, a ɗan ƙaramin kicin rufaffe kuwa tana iya kwantar da mutum a asibiti.

Na gwada haɗin nan na bekin soda da khal (wato binega) da ake ta yaɗawa a intanet. Kumfa ta yi ta tashi gwanin sha'awa, yara suna tafi, ruwa kuma yana nan inda yake. Ɗaya asid ne ɗaya kishiyarsa, suna haɗuwa suke kashe juna, abin da ya rage ruwa ne da ɗan gishiri da iska. Yana ɗan rage wari, iyakarsa ke nan a wurina. Tafasasshen ruwa kuma a yi hattara da shi, shi yana digiri 100, bututun roba na PVC da ke yawancin gidaje kuwa bai kamata ya wuce wajen digiri 60 ba. Yau da gobe sai ya yi laushi ya lotsa, mahaɗarsa ta saki. Ruwan da ya yi zafi amma bai tafasa ba, da sabulun wanke-wanke, shi nake sakar masa bayan an wanke tukwane masu maiƙo.

Mai yawan tafiya: Game da warin, nawa ba toshewa ba ce. Duk sanda na daɗe ba na gida sai in dawo in tarar kicin yana warin kwata. Ashe lanƙwasar nan da gangan aka yi ta, ɗan ruwan da ke kwanciya a ciki shi ke tare iskar da ke tasowa daga ƙasa. Wani maƙerin agogo ɗan Sikotilan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar dabarar a 1775. In an daɗe ba a buɗe famfo ba ruwan ya ƙafe, hanya ta buɗe wa wari har da kyankyasai. Yanzu ina shiga nake sakin ruwa a kowane sinki da magudanar banɗaki, in buɗe taga, shi ke nan.

Uwargida: Tunda na ga abin da ya fito daga nawa na daina juye ragowar mai a sinki. In ya huce sai in ɗura a tsohuwar kwalba, kaskon kuma in share da takarda kafin ya ga ruwa. Na sa 'yar rariyar ƙarfe a bakin ramin. Mai yana shiga a narke ne, yana tarar da bututu mai sanyi ya kama jikinsa. A Landan ma a 2017 sai da aka tono wani dunƙulen maiƙo da tsummokin goge jiki a magudanar unguwar Whitechapel, nauyinsa tan 130, tsawonsa mita 250, har aka yanki wani ɓangare aka ajiye a gidan tarihi.

Ɗan haya: Baba, ni nawa yana buɗewa amma ba ya daɗewa sai ya koma. Na leƙa, ba gwiwa ba ce, wani farin bututu ne mai gaɓa-gaɓa da ake ja ya miƙe.

Tsohon mai gyaran famfo: To ka ga matsalarka, ɗana. Mai gaggawa ne ya haɗa maka, don wannan ba ya buƙatar awo ko yanka. Kowace gaɓa a ciki maƙalar maiƙo ce, kuma in ya saki ya yi ciki a ƙasan kabad sai datti ya kwanta a wurin. Ka sa a canza maka da gwiwa ta gaske da bututu mai santsin ciki, na inci ɗaya da rabi, kada a sa maka siririn nan na inci ɗaya da kwata, na kwanon wanke hannu ne. A ba shi gangara kamar santimita 2 a kowace mita, a kafe shi da maɗauri a bango don kada ya lotsa a tsakiya. Amma tunda gidan haya ne, ka fara nuna wa mai gidan kafin a yanke masa bututu.