Ma'adinin olivine: wane suna za mu ba shi kafin Juma'a?

Malama Mai Duwatsu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, agaji nake nema cikin gaggawa. Ranar Juma'a zan miƙa wa mai buga takardu ɗan littafin da nake shirya wa malaman sakandare da za mu zagaya da su tsaunukan Biu, kuma da Hausa aka ce a yi shi. Aiki na tafiya lafiya har na iso kan ma'adinin da Bature ke kira olivine, a nan na cije. Abin da nake so malami ya yi shi ne ya ɗauki baƙin dutsen nan mai nauyi, basal, ya fasa da guduma, ya ɗora gilashin ƙara girma a kan sabuwar fuskar. Cikin baƙin zai ga 'yan ƙwayoyi kore masu ratsin ɗorawa, ba su wuce ƙwayar gero ko dawa ba, suna ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba. Idan ya yi sa'a ma zai tarar da curi guda, kore shar, ƙwaya-ƙwaya kamar sukarin da ya dunƙule, wanda narkakken dutse ya ciccibo daga can ƙarƙashin ɓawon ƙasa. Kalmar tana kusan kowane shafi. Me zan kira shi?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki rubuta olibin kawai. Mu da muka yi karatu da Faransanci haka muke faɗa, ku ma da Ingilishi haka ne. Kalma ɗaya ta ishi Maraɗi ta ishi Katsina. Namiji ne: olibin ɗin nan, ƙwayoyin olibin.

Mai Fassara:
Sunan daga launin zaitun aka samo shi, to me zai hana mu bi ma'anar? Hausa tana da hanyarta: ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda. Sai a ce ma'adini mai ruwan zaitun. Idan ya yi tsawo a taƙaita shi zuwa ɗan-zaitun. Na gwada bazaitune na ga ya koma sunan mutum, jam'insa zaitunawa kuwa sai ka ce wata ƙabila.

Ɗalibar Kimiyya:
Me ya sa ba za a ce koren dutse ba? Kowa zai gane.

Injiniyan Jos:
A'a, ƙanwata, koren dutse kam a ajiye shi. Zumurrudun da ake haƙowa a Nasarawa da kudancin Kaduna kore ne. Malakayit na tagulla kore ne. Efidot da kulorayit duk kore ne, kuma su biyun nan su suka fi ruɗa sabon ɗalibi. Sannan shi kansa olibin ba ya zama kan launinsa. Cikin ma'adinan da ke duwatsun nan yana sahun gaba wajen saurin lalacewa idan ruwa da iska suka same shi, shi ya sa a bayan dutsen da ya daɗe a fili za ki ga gurbinsa ya koma ja-ja kamar tsatsa. Wanda aka koya wa koren dutse zai taka shi ya wuce.

Baba Mai Nahawu:
Na karanta duka, kuma raina bai yi daɗi ba. Tun kafin a yi tunani an garzaya bara ƙofar Bature. Olibin! Me wannan ke nufi a kunnen Bahaushe? Na tambayi ɗana da ya karanta fannin, ya ce idan narkakken dutse ya fara hucewa wannan ma'adini ne ke riga 'yan uwansa daskarewa. To ai magana ta ƙare, sunansa ɗanfari. Ɗanfarin dutse. Ga Hausa tsantsa, ga ilimi a cikin sunan, yaro na jinsa ya san matsayinsa a gidan. Firoksin da amfibol, ma'adinan da ke daskarewa bayansa, su zama ƙannensa.

Ɗalibar Kimiyya:
Kai, Baba, wannan ya yi daɗi a kunne wallahi.

Malama Mai Duwatsu:
Baba, ranka ya daɗe, abin da ɗanka ya faɗa gaskiya ne, shi ne jerin daskarewar ma'adinai da masanin duwatsu Norman Bowen ya tsara a shekarun 1920: olibin, sai firoksin, sai amfibol, sai baƙar maika. Nau'insa mai yawan magnesiyam, fostarayit, sai zafi ya kai wajen digiri 1890 a ma'aunin Celsius yake narkewa, don haka yake riga daskarewa. Zan yi amfani da misalin wa da ƙanne a shafin jerin, na gode ƙwarai. Amma a matsayin suna ina da tsoro ɗaya. A rubuce ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti. Malami zai buɗe shafi ya ga “nemi ɗan fari a cikin baƙin dutse”, sai ya hau neman wani abu mai ɗan haske, fari-fari. A basal kuwa akwai farare, 'yan sillayen felsifa, su zai nuna wa ɗalibai.

Baba Mai Nahawu:
Shi ya sa na haɗe shi wuri ɗaya, ɗanfari. Don ana iya kuskuren karatu ba a jefar da kalma. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, wa ya taɓa tuƙa Kano a tukunya?

Injiniyan Jos:
Baba, da girmamawa, akwai wata matsalar. Olibin ba abu ɗaya ba ne, dangi ne daga fostarayit mai magnesiyam zuwa fayalayit mai ƙarfe. Shi fayalayit a wajen digiri 1205 yake narkewa, kuma a nan Filato muna samunsa cikin wasu duwatsun giranayit, zaune tare da kwaz, farin dutsen nan mai kama da ƙanƙara. Ɗan uwansa mai magnesiyam ba ya zama wuri ɗaya da kwaz. To wannan da ya zo a narkakken dutsen da ya riga ya huce sosai, shi ma ɗanfari za mu ce masa? Ko a basal ma akwai 'yan baƙaƙen ƙwayoyin kuromayit da ake tararwa a cikin cikin olibin, alamar sun riga shi ko sun zo tare.

Baba Mai Nahawu:
Ku 'yan boko kullum kuna da dalilin da zai sa Hausa ta koma baya. Bature ya kira abu da sunan 'ya'yan itace ba wanda ya ce masa launi na canzawa. Mu muka kawo suna sai a hau binciken ƙwaƙwaf. Idan ba mu ƙirƙira ba yau, jikokinmu da wane harshe za su karanta kimiyya?

Ɗan Damagaram:
Baba, ba Ingilishi ne ya haifi kalmar ba. Bajamushe ne, Abraham Werner, ya raɗa sunan a 1790, Ingila da Faransa duk karɓa suka yi, ba wanda ya ce sun yi bara. Littafi da alƙalamin da muke alfahari da su daga Larabci suka zo. Kuma in ana maganar kishin harshe, ku daina manta cewa akwai mu. Kowane suna a yanke shi a Kano ko Zariya, mu a aiko mana kamar saƙo.

Mai Fassara:
Wa ya kawo Kano nan kuma? Baba ma ba Bakano ba ne. Amma tunda ka taɓo, daidaitacciyar Hausa dai dole ta tsaya kan wani kari, in ba haka ba kowane gari da littafinsa.

Ɗan Damagaram:
Ta tsaya, ba mu hana ba. A dai riƙa tambayarmu.

Alaramman Unguwa:
Ku yi haƙuri in sa baki. Ashe ba wannan ne zabarjadi ba? Mun daɗe muna jinsa bakin malamai tare da yaƙutu da lu'ulu'u da murjani. Akwai ma tsibiri a Bahar Maliya, ɓangaren Masar, mai suna Zabargad, inda aka haƙo shi tun zamanin da. Kalmar da ta riga ta zauna a bakinmu ta fi sabuwa.

Malama Mai Duwatsu:
Allah ya gafarta Malam, shi ne, amma zabarjadi sunan mai tsabtar ne, babba, garai-garai, wanda ake yankawa a sa a zobe. Na cikin basal ɗinmu yawanci ƙanana ne masu tsattsagewa. Na taɓa ganin wani bawan Allah ya cika buhu da irin curin nan ya biya kuɗin mota ya kawo mana ofis, ya ji an ce dutse mai daraja ne. Da na ɗora masa gilashi ya ga yadda ƙwayoyin ke marmashewa a yatsa, zama ya yi a bakin ƙofa ya daɗe bai ce komai ba. Ba na so littafina ya sa wani ya sake wannan asarar. Zabarjadi zai shiga, amma ga na ado kaɗai.

Injiniyan Jos:
Malama, tunda lokaci ya ƙure, kalmomin da suka fi sunan muhimmanci a fili su ne na yadda ma'adini ke rabuwa. Ni da leburorina muna cewa tsaga da fashewa. Tsaga ita ce rabuwa a miƙe, fuska sumul mai ɗaukar haske gaba ɗaya idan aka juya dutsen a rana. Firoksin yana da tsaga biyu da ke haɗuwa kusan kamar kusurwar bulo, digiri 87 da 93, baƙi ne ko kore mai duhu, gajere mai kauri. Amfibol dogo ne siriri, tsagoginsa a karkace suke haɗuwa, 56 da 124. Olibin ba shi da tsagar kirki, fashewa yake yi a lanƙwashe kamar gindin kwalba, ƙwayarsa kuma dunƙulalliya. Taurinsa 6.5 zuwa 7 a ma'aunin Mohs, bakin wuƙa ba ya kartarsa, kulorayit kuwa ko farce yana yi masa zane. Wanda ya riƙe wannan, ki kira shi duk sunan da kika ga dama, zai nuna miki shi.

Malama Mai Duwatsu:
Tsaga da fashewa sun shiga, Injiniya, Allah ya saka da alheri. Da “rabuwa” na rubuta wa duka biyun, kuma na san bai fito ba. Ga abin da zan yi: farkon fitowarsa in rubuta “olibin, wato ɗan-zaitun, don launinsa irin na man zaitun ne a kwalba”, daga nan olibin har ƙarshe, saboda ɗaliban da shi za su haɗu a jarrabawa. Man na zaɓa, don shi mutanenmu suka fi sani, 'ya'yan kuwa wasu baƙaƙe suka gani a Makka.

Mai Fassara:
Da dai ɗan-zaitun ne a gaba, olibin a baya. Amma littafinki ne.

Baba Mai Nahawu:
Ban gamsu ba, kuma ba zan ce na gamsu ba. Ni ɗanfari zan ci gaba da faɗa. Tunda kin ce zai fito a shafin jerin, ki rubuta shi a haɗe kamar yadda na ba ki, kada mai bugawa ya raba shi.

Malama Mai Duwatsu:
A haɗe zai fito, Baba, zan duba da idona. Saura basal da giranayit, har yanzu a aro suke. Mai shawara ya kawo kafin daren Alhamis.